Tsibirin Rapa Nui: ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa?

Ɗiyar Adar

Salamu alaikum ƴan zaure. Wurin aikinmu za su tura ni Santiyago, babban birnin ƙasar Cile, wani taro kan ruwan sha na karkara, cikin watan Nuwamba in Allah ya kai mu. Jirgi da masauki su ke biya. Bayan taron ina da ƴan kwanakin konje, shi ne wata abokiyar aiki ƴar can ta matsa mini in leƙa tsibirin nan mai manyan kawunan dutse, Rapa Nui, wanda muka karanta a lakkwal da sunan Île de Pâques. Na duba kuɗin jirgi daga Santiyago zuwa can, sai da na kife wayar.

Ko akwai wanda ya taɓa taka wurin a cikinku? Banda duwatsun, mi ake gani? Waɗanne takardu ake nema? Kuma yaya maganar salla da abinci? Ni dai teku a Kwatano kaɗai na taɓa ganinsa, shi ma daga cikin mota.

Hajiya ta Katako

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke da kika tashi a Tawa, dutse ne za ki biya kuɗin jirgi ki je gani? Ki hau mota ki nufi Keita ko Buza, kyauta za ki gan su har ki gaji. Kuɗin nan ki ƙara a kai ki yi Umara, ko ki sayo kaya ki juya. Ni nawa ke nan.

Tsohon Injiniya

Hajiya, Allah ya bar mana ke, ba ki taɓa barin kuɗi ya kwana banza. Amma bari in ba ɗiyata amsa, tunda ni na je, bayan da aka sake buɗe tsibirin. Sun rufe shi ne tun Maris 2020 saboda korona, ba su buɗe ba sai Agusta 2022. Wani tsohon abokin aikina ɗan Cile, wanda muka yi aikin farfaɗo da ƙasa tare a nan Adar, shi ya gayyace ni bayan na yi ritaya.

Ɗiyata, in fara da takardu mu wuce wurin. Biza ta Cile ita ce babba, kuma ba su da ambasad a Yamai, saboda haka ki sa masu taron su aiko miki da takardar gayyata tun yanzu. Tsibirin ƙasar Cile ne tun 1888, ba a neman wata biza ta dabam, amma tun 2018 an yi mishi doka tasa: baƙo ba ya wuce kwana 30, sai ya nuna tikitin komawa, sai ya nuna ya kama ɗaki a masaukin da hukumar yawon buɗe ido ta sani ko kuma wani ɗan tsibirin ya gayyace shi, sannan akwai takarda da ake cikawa a intanet kafin a shiga jirgi. Ƴan sanda na duba wannan duka tun a filin jirgin Santiyago. Kamfanin LATAM ke zuwa, tafiyar ta fi awa 5, kilomita sama da 3,500 ba abin da ke ƙarƙashinki sai ruwa. Garin da za ki sauka Hanga Roa, kuma shi ne kaɗai gari a tsibirin. Mutanen da suka fi kusa da su, na tsibirin Pitcairn, suna nesa da wajen kilomita 2,000.

Tikitin shiga wuraren tarihi dala 80 na biya, kusan jikka 50 namu, yana aiki kwana 10. Ki duba ko sun ƙara. Wurare biyu, Rano Raraku da Orongo, sau ɗaya tak ake shiga da shi, don haka kar ki ɓata su ranar da hadari ya haɗo. Kuma yanzu galibin wuraren ba a shiga sai da ɗan jagora mai takarda. Na ga Turawa na ƙorafin haka. Ni ban ga abin ƙorafi ba: tun 2017 ƴan asalin tsibirin ke riƙe da wuraren tarihin da kansu, ta wata ƙungiyarsu mai suna Ma'u Henua, kuma kuɗin gidajensu yake shiga. Wanda ya zaga da ni yana jin Faransanci sarai, don yana da dangi a Tahiti. Ki nemi irinsa tun kafin ki tashi.

To, ga abin da na fi so ki riƙe. Kowa zai ce miki ki tashi da asuba ki je Tongariki ki ga fitowar rana a bayan mutum-mutumi 15 da ke jere. Ki je, yana da kyau, ba na musu. Amma ki san abin da kike kallo. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 ba sauran ko ɗaya da ke tsaye a kan dandamalinsa a tsibirin nan, duk an kifar da su. Na Tongariki ma, a 1960 girgizar ƙasar Cile ta turo igiyar ruwa ta kwashe su ta watsar cikin fili. Sai a shekarun 1990 aka tada su, da ƙugiyar ɗaga kaya da wani kamfanin Japan, Tadano, ya kawo. Abin da ake ɗauka a hoto gyara ne.

Ki fara da Rano Raraku, dutsen da aka sassaƙo kusan dukansu. Sunan mutum-mutumin nan moai. A tsibirin akwai wajen 900, kusan 400 suna nan a ma'aikatar ba su bar ta ba. Kina hawa gangaren za ki riƙa wucewa tsakaninsu, wannan ya karkata, wancan ya duƙa, ƙasa ta binne su har kafaɗa. Waɗannan ne duniya ke ce ma kawuna, alhali kowane da gangar jikinsa a ƙasa, har da hannuwa masu dogayen yatsu a ɗore bisa ciki. Daga sama sai ki ga waɗanda ba a gama ba, kwance rigingine a jikin dutsen, fuska ta fito, hanci ya fito, baya kuwa har yanzu manne. Haka suke yi: su gama gaba da gefe, su bar wani siririn tudu a gadon baya, shi ne na ƙarshe da za a sare, sannan a zurara shi ƙasa, a tsayar da shi cikin rami a gyara bayan. Ba su da ƙarfe ko kaɗan. Da wani baƙin dutse mai tauri suke saran wanga mai laushi, wanda asalinsa tokar aman wuta ce da ta daskare. Na duƙa na kalli sawun saran a bango, ɗaya kusa da ɗaya, ƙanana, ba iyaka. Ni da na yi shekaru ina sa mutane fasa dutse da guduma da ƙarfe ana biyansu da abinci, na san ciwon kafaɗar da ke cikin kowane tabo. Akwai wani da aka bari kwance, tsawonsa ya kai mita 21. Mafi girma da suka taɓa tsayarwa, Paro, kusan mita 10 ne, nauyinsa wajen tan 80.

Yadda aka kai su kilomitoci kuwa, tsofaffin tsibirin cewa suke da ƙafarsu suka tafi. An daɗe ana musu dariya. A 2011 wasu masana biyu, Terry Hunt da Carl Lipo, suka sa aka yi kwaikwayon ɗaya mai fiye da tan 4, aka ɗaura mishi igiya uku, mutum 18, wasu na ja dama da hagu, wasu na riƙe ta baya, sai ga shi yana tafiya a tsaye yana rangaji. Waɗanda suka faɗi a hanya suna nan har yau a bakin tsofaffin hanyoyin, ki ce ma ɗan jagora ya nuna miki.

Zan ci gaba, an kira la'asar.

Malam na Wadata

Salamu alaikum. Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma, ina da magana amma ba gardama ba ce. Waɗannan abubuwa gumaka ne, an yi musu bauta ko an nemi wani abu a wurinsu. Musulma ta ɗauki dukiyarta ta tafi takanas don ta kalle su, ban ga ya kwanta mini ba. Mun san lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ratsa ta Hijir, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi ma azaba sai dai suna kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Ƴar'uwa ta tambayi malamin da ta yarda da shi kafin ta sayi tikiti.

Tsohon Injiniya

Allah ya gafarta Malam, shawarar ta tambayi malami daidai ce, ni ma na tambaya kafin in tafi. Wanda na tambaya ya karanto mini ayoyin da ke cewa a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance, ya ce abin yana ga niyya da abin da mutum ya je yi. Ni ba mai fatawa ba ne, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Ba wanda ke bauta musu yau, mutanen tsibirin yawancinsu Kiristoci ne ƴan Katolika tun shekarun 1860. Mutum-mutumin kuma siffar kakanni ne, shugabannin zuri'a da suka mutu, kuma dandamalin da suke kai, ahu, a ciki ake binne mutane. Shi ya sa kusan duka suka juya ma teku baya, suna kallon inda gidajen jikokinsu suke. Ɗiyata, ki ɗauke shi a matsayin maƙabartar mutane. Ba a hawa, ba a taɓawa, ba a ɗaukar ko tsakuwa. A 2008 wani ɗan Finlan ya ɓalle kunnen ɗaya don ya kai gida, tarar dala 17,000 ya biya, aka kuma kore shi.

Salla ba ta ba ni wahala ba. Ban ga masallaci a tsibirin ba, a ɗaki ko a fili nake yi. Alƙibla gabas take, kamar a gida, har na yi mamaki da wayar ta nuna mini. A Santiyago akwai masallacin As-Salam a unguwar Ñuñoa, can za ki samu Juma'a da masu nuna miki inda ake sayar da naman halal. Agogon tsibirin yana bayan namu da awa 6 ko 7, gwargwadon lokacin shekara, ki gaya ma mutanen gida kar su riƙa tada ki da tsakar dare. Abinci kuwa kifi ne rufin asirinki. Tuna ɗanye shar daga teku, a gasa ko a sa cikin wani fanke mai kama da samosa babba da suke kira empanada, ga dankalin Hausa, ga ayaba, ga gwaza. Ki riƙa tambaya ko da alade ko giya a miya. Komai da tsada, don kusan komai daga Cile ake kawo shi.

Yanzu teku, tunda kin ce daga mota kika taɓa ganinsa. Wanga ba irin na Kwatano ba ne mai shimfiɗar rairayi. Tsibirin duka faɗinsa murabba'in kilomita 164, kusurwa uku, kowace kusurwa da mataccen dutsen aman wuta, kuma gaɓarsa baƙin dutse ce mai kaifi wanda ruwa ke duka dare da rana. In kika bi hanyar kudu daga Hanga Roa zuwa Tongariki, teku na hannun damanki, shuɗi mai duhu, yana fashewa fari a kan baƙi, feshin na iso ki har cikin mota. A wagga hanya ki tsaya a Akahanga. Can ba a gyara komai ba. Moai na kife rub da ciki yadda aka ture su, wasu wuya a karye, jajayen hulunansu sun gangara gefe. Hulunan daga wani rami dabam ake sassaƙo su, Puna Pau, inda dutsen ja ne. Wurin ya fi Tongariki tsaya mini a rai, kuma ba kowa a can sai dawaki.

Rairayi na gaske a Anakena yake, a arewa, fari, da itatuwan kwakwa da aka kawo daga Tahiti aka dasa. Nan suke cewa kakansu Hotu Matu'a ya sauka da kwale-kwalensa. Ruwan wurin a kwance yake, za ki iya shiga har gwiwa da zanenki ba wanda zai kalle ki. A nan ne a 1978 aka tono idon moai na farin murjani, aka gane cewa da can da idanu suke. Ko ina ban da nan, kar ki kusanci bakin ruwa in ba ki ga ƴan gari sun kusanta ba.

Orongo kuwa, ki ajiye mishi safiya guda mai haske. Ana hawa dutsen Rano Kau, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabanki: rami zagayayye, faɗinsa ya fi kilomita guda, can ƙasa tabki lulluɓe da ciyayi tsibi-tsibi. Ta ɗaya gefen gangare ne miƙe, wajen mita 300, zuwa teku. A kan siririn bakin da ke tsakanin ramin da tekun suka gina ƙauyen bukukuwa, ɗakuna kusan 50 na faffaɗan dutse da aka jera ba laka, ƙofofin ƙanana, sai da rarrafe ake shiga. Iska a wurin sai da na cire hulata na cusa aljihu, ke ma ki ɗaure kallabi da kyau. Daga nan za ki hango ƴan tsibirai uku, babban shi ne Motu Nui. Kowace shekara, bayan zamanin moai ya ja baya, kowane babban mutum yakan tsayar da saurayi guda. Samarin su sauka wanga gangare, su yi iyo bisa damin ciyawa su ƙetara, su zauna cikin koguna suna jiran wani tsuntsun teku, manutara, ya yi ƙwan farko. Wanda ya samu ya ɗaura shi a goshi, ya iyo iyo, ya hau dutsen, ya miƙa ma ubangidansa bai fashe ba. Ubangidan ne ke zama mutum-tsuntsu na shekarar, shi da zuri'arsa su ke da ta cewa. Yaron da ya sha ruwa ya sha dutse kuwa, wani ya ci sarautar, wannan dai ba sabon labari ba ne ko a ina. An daina abin a shekarun 1860 da zuwan ƴan mishan. Daga Orongo ɗin ne sojojin ruwan Ingila suka ɗauke wani moai a 1868, Hoa Hakananai'a, yana gidan tarihi na Landan har yau. A 2018 ƴan tsibirin suka je har can suka roƙi a maido musu.

Ɗalibi Abdu Mumuni

Baba, barka da ƙoƙari, mun ƙaru. Amma mu a jami'a misalin da aka ba mu da tsibirin nan shi ne na mutanen da suka halaka kansu: suka sare itatuwa duka don jan gumaka, ƙasa ta mutu, yunwa ta shigo, suka faɗa ma juna da yaƙi har suka ƙare. Malaminmu har cewa ya yi Sahel ta yi hattara kar ta bi sawu. Ba haka ba ne?

Tsohon Injiniya

Ɗana, rabin maganar gaskiya ce. Da can tsibirin cike yake da wani irin giginya, kuma ta ƙare ƙaf. Mutane sun iso wajen shekara ta 1200, sun sare sun ƙona don noma, ɓerayen da suka zo da su cikin jirage kuma suka riƙa cinye ƴaƴan, sabo bai tsiro ba. Wannan ba musu.

Amma su ƙare kansu? Baturen farko, Jacob Roggeveen ɗan Holan, ya iso ranar 5 ga Afrilu 1722, ranar Ista, idin Kiristoci da ake ce ma Pâques, ya tarar da mutane da gonakinsu da kajinsu, moai na tsaye. Abin da ya ƙarar da su yana da shekara kuma yana da suna. A ƙarshen 1862 jiragen masu farautar bayi daga Peru suka fara zuwa, suka kwashe mutum wajen 1,500, har da sarki da masu ilmin rubutunsu, rongorongo, wanda har yau ba wanda ya iya karantawa. Da aka matsa ma Peru ta maido su, ƴan ƙalilan suka iso da rai, kuma suka zo da agana. A 1877 mutum 111 suka rage a tsibirin. Bayan haka aka ba wani kamfanin Turawa hayar ƙasar ya mai da ita makiyayar tumaki har 1953, masu ƙasa kuma aka killace su a Hanga Roa, ba su fita sai da izini. Ba su zama cikakkun ƴan ƙasar Cile ba sai 1966. A 2024 ma an fitar da binciken ƙwayoyin gado daga ƙasusuwan mutum 15 na da, bai nuna wata rugujewar jama'a kafin zuwan Turawa ba. Ka kai ma malaminku wannan, da ladabi.

Abin da suka yi bayan itace ya ƙare shi ne ya sa nake ce ma ɗiyata ta je, kuma Hajiya, nan maganarki ta dutsen Keita ta shigo, ba ki san kin yi gaskiya ba. Muna tafiya a mota na ga fili shimfiɗe da baƙaƙen duwatsu kamar kan mutum, na ce ma ɗan jagora ya tsaya, don idona ya ce mini wanga zubi ba na Allah-ya-yi ba ne, hannu ne ya jera. Ya yi dariya ya ce baƙi ba su taɓa tsayar da shi a nan. Gona ce. Sun fasa dutse sun rufe ƙasa da shi, suna shuka dankali da gwaza a tsakani. Na ɗaga guda na tura yatsa: ƙasar da ke ƙarƙashi da sanyi da laima, ta gefe kuwa busasshiya. Dutsen na hana rana shanye ruwa, yana karya iska, yana hana ruwan sama wanke ƙasa, da dare yana sako ɗumin da ya sha, kuma yana marmashewa a hankali yana ƙara ma ƙasar ƙarfi. Inda iska ta fi yawa sai su gina da'irar dutse kamar rijiya da ba a haƙa ba, manavai, su dasa ayaba da rake a ciki. Har akurkin kaji na dutse suka yi, mai ƙaramar kafa da ake toshewa da dutse guda da dare. Mu a Keita daga 1984 muka shiga jera duwatsu a fako, muna haƙa tassa da rabin wata, da motoci da kuɗin Italiya da injiniyoyi, matan Adar na ɗaukar dutse a ka. Su sun yi nasu ba jaki, ba amalanke, ba mai ba su ko tiya guda.

Ɗiyata, ga kuma naki na ruwa. Tsibirin ba shi da kogi ko ɗaya mai gudu kullum. Dutsen kamar soso yake, ruwan sama na nutsewa nan take, ya bi ta ƙarƙashi ya ɓullo a bakin teku. Turawan farko sun rubuta cewa mutanen nan ruwan teku suke sha. Ba shi ba ne. In teku ya janye, ruwan daɗi na tsatsowa tsakanin duwatsu, da ɗan gishiri-gishiri, su kuma suna gina ƴan katangu su tare shi. Na ga dawaki sun sauka har bakin igiyar ruwa sun kafa kai suna sha, na ɗanɗana da hannuna, ya fi na wasu rijiyoyin Azawak daɗi. Wani bincike na 2019 ya nuna galibin dandamalin moai kusa da irin waɗannan maɓuɓɓugai aka gina su. In kin je, duk inda kika ga ahu a bakin teku, ki tambayi ɗan jagora ina ruwan yake. Za ki dawo da abin faɗa ma masu taronku.

Hajiya ta Katako

To Baba, kun ci ni. Amma har yanzu ban ji abin da ake sarowa ba.

Tsohon Injiniya

Ba ko ɗaya, Hajiya. Ƴan sassaƙe-sassaƙen itace da sarƙar wuri, su ma sun fi na gidan tarihin Bubu Hama tsada nesa ba kusa ba.

Ɗiyar Adar

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Malam, na gode, zan tambaya in sha Allahu kafin in biya. Maganar ruwan nan ta shige ni. Kwana nawa kuke ganin zai isa? Kuma ina tunanin in yi guzurin kilishi da dambun nama da garin fura don in rage kashe kuɗi.

Tsohon Injiniya

Amin ɗiyata. Kar ki yi ƙasa da kwana huɗu, don ruwan sama na iya cinye miki yini guda, kuma ki bar tazarar kwana tsakanin dawowarki Santiyago da jirginki na gida, saboda in aka ɗage na tsibirin ba wata hanyar fita. Yini guda hanyar kudu, Akahanga, Rano Raraku, Tongariki, ki ƙare a Anakena. Safiya guda Orongo, ki biya ta Vinapu ki ga katangar da aka haɗa duwatsunta ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Wani yinin Ahu Akivi, inda guda 7 ke tsaye can cikin tsibiri suna fuskantar teku, da kogon Ana Kakenga mai tagogi biyu da ke buɗewa a jikin gangare, in ba ki tsoron matsatsi da duhu. Da marece ki taka da ƙafa daga gari zuwa Tahai, rana na faɗuwa a bayansu, ki yi magariba a ɗakinki. Nuwamba bazararsu ce, ba zafi sosai, amma ranar na ƙuna ba a ji saboda iska. Takalmi mai rufi, rigar ruwa, da kuɗin peso a hannu.

Kilishi kuwa ki bar shi a Yamai, da dambun duka. Cile ba ta wasa da abin da ya shafi nama, madara, iri ko ɗanyen ƴaƴan itace. Akwai takardar da za ki cika ki rubuta abin da kika ɗauko, a filin jirgi akwai na'ura da karnuka, kuma wanda ya ɓoye aka gani tara ce mai nauyi. Garin fura ma ki rubuta shi ki nuna, in sun ce a'a ki bar musu. Shinkafa, taliya, shayi da sukari ki saya a kantin Santiyago ki shiga da su tsibirin, ki kama masauki mai ɗan madafi. Haka ƴan tsibirin da kansu suke yi, za ki gan su a layin jirgi kowa da kwalayensa.